Yana Wurina

A fim ɗin nan na Koriya, The World of the Married, mijin ne aka shirya domin kowa ya tsana, ni ma kuma na tsane shi yadda aka so. Sai dai a gefensa akwai waɗansu mutane da mai kallo kan wuce su da sauri: abokai, maƙwabta, abokiyar aiki. Yawancinsu ba su nemi matar kowa ba, ba su ci kuɗin kowa ba. Nasu dai su sani su yi gum, in an tambaye su su ce lafiya lau. Sahun waɗannan na shiga a nan Rano, na kuma jima a ciki, wadda na yi wa kuwa ƙanwata ce, 'yar Baffana.

Tashar JTBC ce ta nuna fim ɗin a Koriya ta Kudu, kashi-kashi har 16, daga 27 ga Maris zuwa 16 ga Mayun 2020. Mu a lokacin ba ta fim muke yi ba. Korona ta sa an kulle Kano, azumi ya riske mu a gida, ga rasuwar Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu, shekara guda da ɗaga darajar masarautar. Can kuwa, ranar da aka nuna na ƙarshe, ma'aunin masu kallo ya haura kashi 28 cikin ɗari, abin da wani wasan kwaikwayo bai taɓa samu ba a tashoshin kuɗi na ƙasar. Asalin labarin ma aro suka yi daga Doctor Foster, wanda BBC ta nuna a Ingila a 2015. Ni sai bayan shekara da ɗoriya ya zo hannuna, ta hanyar da komai ke zuwa mana: yaron da ke cajin waya da tura fina-finai a bakin tasha ne ya zuba wa maiɗakina. Ba fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa, kuma da yake Turancin nake koyarwa a sakandare, tafinta ya faɗo kaina bayan sallar isha'i. Akwai wuraren da sai an danna an wuce. Su kansu Koriyawan sun sa wa yawancinsa iyakar shekara 19.

Ji Sun-woo likita ce, mataimakiyar shugaban asibiti, ita ke riƙe da gida. Mijinta Lee Tae-oh yana harkar shirya fim da ba ta tafiya. Ɗansu ɗaya. Wata rana ta ga dogon silin gashi a jikin mayafin wuya da ya ba ta, launinsa ba irin nata ba, ta shiga bin diddigi. Ranar walimar zagayowar haihuwarsa ta buɗe bayan motarsa ta tarar da waya ta biyu. Cewa akwai wata mace, wannan ta riga ta ji a jikinta. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne hoton da aka ɗauka wurin wani yawon shaƙatawa: ga mijin, ga budurwar, ga maƙwabtansu mata da miji, ga aminiyarta likitar mata wadda take kai wa kuka, kowa baki har kunne. Ita aminiyar, duk abin da Sun-woo ta faɗa mata sai ta sanar da mijin ya yi hattara. Mutanen nan kuma suna wurin walimar, 'yan taku kaɗan daga inda take tsaye. Daga baya ta gano har bashi ya ci da gidansu ba da saninta ba.

Mijin ƙanwata abokina ne tun firamare. Ni na shige masa gaba lokacin neman aurenta, kuma Baffa bai ɓoye ba cewa albarkacina ya ba shi. Sana'arsa hatsi. Da kaka yakan bi ƙauyukan Kibiya, su Tarai da Durba, ya sayi masara da dawa da waken suya ya tara, in farashi ya ɗaga ya loda mota ta bi ta Bunkure zuwa Dawanau. Ita kuma tela ce a cikin gida, keke biyu, da 'yan mata masu koyo, tana zubin adashi ba fashi. Ba masu kuɗi ba ne, amma asirinsu a rufe yake.

A wajen sayen hatsin ne ya ga wata yarinya a Kibiya, 'yar wani dillali. Ni ya fara faɗa wa. "Malam, ka riƙe mini wannan. Ni da kaina zan gaya mata idan lokaci ya yi." Na ce to. Ban ga wani abu a ciki ba. Namiji ya ga mace, yana son ta da aure, iyayenta sun san da zuwansa. Daga Rano zuwa Kibiya ba wata tafiya ba ce a babur, sai ya riƙa fita bayan la'asar ya dawo bayan isha'i. Ya sayi layi na biyu, ya ba ni lambar, ya ce ko da wani abu.

Wani abun kuwa ya zo. Wani dare wayata ta yi ƙara.

"Yaya, ina wuni. Baban Ummi yana wurinka? Wayarsa ba ta shiga, ga Ummi jikinta ya yi zafi."

"E, yana wurina, ya ɗan zaga ne. Yanzu zan turo shi."

Ban yi tunani ba kafin in faɗa, kuma wannan ne ya fi damuna yau: ƙaryar a shirye take a bakina tun kafin a nema. Na kira ɗaya layin, ya ɗauka yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce ga shi nan. Na san kafin ya iso dare ya yi, sai na hau babur na je na ɗauki yarinyar da uwarta na kai su kemis, na ce aiki ne ya riƙe shi. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuma na koma gida ina jin na yi abin kirki. Daga ranar hanya ta buɗe. Da ta kira, yana wurina. Wani lokacin ma ba ta tambaya, ta riga ta ɗauka majalisarmu ce ta yi daɗi, har tana mini tsiyar in riƙa sako mata miji da wuri.

Da a nan abin ya tsaya, da na samu bakin kare kaina ko yaya. Amma da kaka ta kankama ta kwashi adashinta, zubin shekara guda cur, da niyyar sayen keken zigzag da injin saka maɓalli. Shi kuma ya ce ta ba shi ya saya mata masara a ajiye zuwa bazara, ta ci riba ta sayi kayan nata har da canji. Shawara ce mai ma'ana, haka mutane ke yi. Amma ba ta ba shi ba sai da ta zo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, kai ka san harkarsa fiye da ni. In ba shi?" A lokacin na san an sa rana. Na san ana haɗa lefe. Na san jarinsa ya karye tun bara, domin ni na ranta masa kuɗin haya. Ba wanda ya ce mini da kuɗinta za a yi lefen, amma mai hankali ba ya buƙatar a faɗa masa. Na kau da kai na ce, "Ki ba shi mana, ai mijinki ne."

Hujjojin da na riƙa ba kaina ba na banza ba ne, shi ya sa suka daɗe suna yi mini aiki. Babbarsu ita ce ba haram yake yi ba. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta halatta har huɗu bisa sharaɗin adalci, kuma a iya sanina bai taɓa keɓewa da yarinyar ba. Ba zan ɗora masa abin da ban gani ba, kowa ya san nauyin ƙazafi, shaidu huɗu ko bulala 80. Sai batun amana: ya ce in riƙe, kuma an horar da mu tun muna yara cewa mai ɗaukar magana daga nan ya kai can annamimi ne. Sai tsoro, wanda na riƙa sa wa rigar hikima: kada a ce ni na kashe auren da na ƙulla. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin mata da miji ya san yadda ake ƙarewa, su shirya a bar ka da kunya.

Kowace daga cikinsu gaskiya ce a inda take, amma ba wadda ta kai inda na tsaya. Halaccin ƙarin aure bai halatta ƙarya ba, bai kuma halatta dukiyar mace ba da yardarta ba. A fiƙihun da muka tashi a kai, abin da mace ta mallaka nata ne, miji ba shi da iko a kansa sai abin da ta ba shi da daɗin rai, wanda kuwa aka karɓa da sunan masara aka kai wurin mai akwati ba da daɗin rai aka bayar ba. Amanar da ya ba ni ta shiru ce. Ni na ƙara mata da shaidar zur daga aljihuna, sannan na ci wata amanar da ta fi ta girma, ta wanda aka nemi shawararsa.

Akwai ma wani abu da kwatanta mu da Koriyawa ya fito mini da shi. A can doka ba ta san mace ta biyu ba. Tun 1953 neman wata ko wani a bayan aure laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara biyu, sai a Fabrairun 2015 kotun tsarin mulkinsu ta soke dokar, alƙalai 7 cikin 9 suka amince. Lee Tae-oh, lalatacce ne ko ba lalatacce ba, ba shi da wata halastacciyar hanya ta haɗa mata biyu. Mu kuwa ƙofa a buɗe take, amma sai ka ga mutum yana haura katangar gidansa. Al'adarmu ba ta bar wannan wuri haka nan ba. Kayan faɗar kishiya da muke ji, ma'anarsu ke nan: kafin magana ta fita gari, miji ya zauna da uwargida, ya faɗa mata da bakinsa, ya ajiye mata turamen zane da abin da ya sawwaƙa, ya ba ta haƙuri. Kayan ba sa hana kuka, kuma wanda ya ce suna hanawa bai taɓa ganin an kai ba. Abin da suke yi shi ne su tabbatar mata ita ce ta fara ji, ba a mayar da ita abar nuni a gidan biki ba. Yanzu da yawa sun mayar da abin kamar tara, ana biya bayan asiri ya tonu. Idan ka tambayi namiji dalilin ɓoyewa sai ya ce gudun fitina, alhali gudun zaman minti goma ne da fuskar matarsa.

Ana cikin wannan hali muka fara kallon fim ɗin. Da aka zo wurin wayar nan ta biyu, na ajiye tafinta na shiga sharhi. Na ce mijin ai an san halinsa, amma waɗannan abokai su ne 'yan wuta. Na ce dubi wannan likitar, tana cin abinci da ita tana kai rahotonta. Na zage su tas. Maiɗakina ta dakatar da fim ɗin, ta ajiye wayar a kan katifa.

"Malam, in tambaye ka? Ranar da ka ce wa Maman Ummi mijinta yana wurinka, ni da kai ne kaɗai a tsakar gidan nan. Ina ya zaga?"

Na fara kame-kame. Na ce ai wannan daban, wancan zina ce wannan aure ne. Ta ce ita ba ta tambaye ni hukuncin aure ba. Ta ce, "Laifi tudu ne. Ni dai abin da na gane, ranar da kai ma za ka yi, shi zai ce mini kana wurinsa." Ta juya ta kwanta. Sai a daren na lura ba ƙanwata kaɗai na yi wa ɓarna ba. Matata ta ji yadda ƙarya ke fita daga bakina sumul, ba gargada, ta kuma ajiye wannan a ranta.

Ina so in ce washegari na gyara. Ban gyara ba. Na same shi a rumbunsa na ce lallai ya faɗa mata, ya ce wallahi bayan an gama awon kaka. Aka gama, ya ce bari ya ɗan haɗa abin da zai ba ta. Ni ma na samu abin fakewa, ga jarrabawa, ga makin yara, ga hutu. Muka ci gaba da kallon fim ɗin har ƙarshe, ina fassara yadda ɗan likitar ke lalacewa tsakanin uwa da uba, yana sata a makaranta, daga baya ya bar gida. A ganina rabin fim ɗin na biyu ya cika ja, ramuwa a kan ramuwa har mutum ya gaji, amma abin da ya faru da yaron gaskiya ne. Na gani, na fahimta, na kuma ci gaba da jira. Sanin da bai sa mutum ya motsa ba nauyi kawai yake ƙara masa, domin daga daren nan ba ni da uzurin cewa ban lura ba.

An sa bikin kafin azumi, lokacin da aure ke yawa. Wata amarya da aka kawo unguwarsu daga Kibiya, ba ta gama sanin mutane ba, ta kai wa ƙanwata ɗinkin anko, atamfa kala ɗaya ita da ƙannenta. Ana gwaji ana hira, ta ce bikin ƙawarta ne, ango ma ɗan nan Rano ne, mai hatsi, ta faɗi laƙabin da ake kiransa da shi a kasuwa. Ta ƙara da cewa ya yi ƙoƙari, akwati saiti guda, har da zinariya 'yar ƙarama. 'Yan koyon suka yi tsit. Maiɗakina ta ji daga bakin ɗaya daga cikinsu cewa ƙanwata ba ta ce komai ba. Ta gama awo, ta rubuta a littafi, ta ce a dawo ranar Alhamis. Da matar ta fita ta rufe keken, ta je ɗakin ajiya ta duba, ba buhu ko ɗaya da sunanta. Kafin magariba tana gidan Baffa da 'ya'yanta.

Baffa ya tara mu a zaure bayan kwana biyu, shi da ƙaninsa da wan mijin. Ita tana daga ciki, bakin ƙofa. Abokina ya yi ta rantsuwa cewa niyyarsa ya mayar da kuɗin kafin bazara. Baffa bai tanka masa ba, ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, ka sani?" Akwai hanyar zamewa, domin abokina bai ambaci sunana ba. Na ce na sani, tun farko, kuma duk daren da na ce yana wurina ba ya wurina. Na faɗi maganar adashin ma.

Sai ta yi magana daga bayan labule, muryarta ba ta rawa. Ta ce ita ba ta hana shi aure ba, uwarta ma da kishiya ta zauna. Ta ce, "Shi namiji ne, son ransa ya bi. Amma Yaya, kai me aka ba ka? Da na rasa wanda zan tambaya a duniya, kai na zo wa." Ba ni da amsa, kuma har yau ban samo ba. Ba a ba ni komai ba. Na zaɓi kada abokina ya ji haushina, na bar ta ta biya kuɗin wannan zaɓi.

Na sha juya abin da ya kamata in yi. Ba na jin daidai ne in ruga in kai mata labari ranar da ya fara faɗa mini. Maganar tasa ce, shi ya kamata ya kai ta. Amma tun a ranar ya kamata in gaya masa iyakata: zan yi shiru, ba zan yi ƙarya ba, kuma duk ranar da ta tambaye ni zan ce ta tambaye ka. Wannan kaɗai da ya tilasta masa zama da ita tun kafin abin ya yi nisa. Ranar da ta zo da maganar adashi kuwa, shiru ya ƙare. Ko dai in ce kada ki bayar sai an rubuta, ko in tashi in je wurin Baffa, wanda shi ne waliyyinta kuma don irin wannan rana aka yi shi. Muna da dattawa, muna da zaure, muna da tsarin da ya fi na mutanen fim ɗin nesa ba kusa ba, waɗanda ba su da kowa sai lauya. Ban yi amfani da ko ɗaya ba.

Baffa ya yanke cewa kuɗin bashi ne, a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, a kuma biya kafin a yi maganar komawarta. Abokina ya ce ba shi da su a yanzu. Baffa ya nuna ni da carbinsa ya ce wanda ya ce a bayar shi zai tsaya lamuni. Na sa hannu. Aka ɗaga bikin zuwa bayan Sallah, aka yi biko, ta koma ɗakinta, amarya ta tare. Suna zaune, yadda zaman irin wannan gida yake, yau daɗi gobe akasin haka. Ta sayi keken zigzag ɗin, injin maɓallin kuwa ya tashi ya fi ƙarfinta kafin kuɗin su haɗu.

Muna gaisawa da ita, zumunci bai yanke ba. Amma da za a sa Ummi a sakandare, wurin wani ta nemi shawara, alhali ni ne malamin makaranta a dangi. Shi kuma abokina har yanzu yana ganin na kunyata shi a zaure, wai tunda bai kira sunana ba da na ce ban sani ba, magana ta tsaya a kansa shi kaɗai. Mun rage zama tare. Kusan rabin bashin daga albashina ya fita, ya ce zai mayar mini in an yi kaka mai kyau. An yi kaka tun daga lokacin, har fiye da ɗaya, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.